Ustaza Marta ta rasu, ni kuma na gan ta ran Talata

Da safen nan labarin ya same ni. Ustaza Marta ta rasu a garin Fau.

Ga waɗanda ba su san ta ba: abokiyar aikina ce a makarantar 'yan Katolika da nake koyarwa a nan Gadarif. Ita Kirista daga duwatsun Nuba, ni Musulma, ofis ɗaya, butar shayi ɗaya.

Darasinta na zamantakewa ba a allo yake ƙarewa ba. Lokacin fatur, wato karin kumallo, sai ta sa yara su juye abincinsu a faranti guda, ɗan mai gonar riɗi da ɗan leburan da ke yankan riɗin. Wani uba ya taɓa zuwa da faɗa. Ta ba shi kujera, ta ce, "Ya Hajj, a cocinmu an koya mana mutum na da daraja tun kafin a tambayi sunan ubansa. Na san a masallacinku ma haka ne." Bai sake dawowa da maganar ba.

In an kira azahar, ita ke kora yaranmu Musulmi alwala.

Da yaƙi ya koro mutanen garin Madani suka cika mana azuzuwa, ta raba ɗalibanta, kowa da iyalin da zai ɗebo wa ruwa. Ta ce ai wannan ma karatu ne.

Watan jiya ta tafi Fau jinyar mahaifiyarta. Waya ba ta shiga can, muka daina jin ɗuriyarta.

Ran Talata da hantsi, bayan ruwan sama, na gan ta tsaye bakin ƙofar makaranta. Na yi murna, na nufe ta zan dafa kafaɗarta yadda muka saba. Ta ɗan ja baya.

Ta ce, "Hauwa, je ki duba ɗakin ajiya na baya. Akwai wadda ba ta fito fatur ba."

Na ce, "Yaushe kika dawo?"

Ta ce, "Je ki tukuna."

Na je. Na tarar da wata tsohuwa daga cikin mutanen Madani a kwance, zazzaɓi ya kayar da ita, ko magana ba ta iyawa. Kowa ya ɗauka ta tafi wurin danginta. Muka sa ta a raksha, keke mai ƙafa uku, zuwa asibiti. Tana nan da ranta, jiya har ta sha kunu.

Da na dawo na nemi Marta, maigadi ya ce shi bai ga shigar kowa ba. Na ce tsufa ne ke damunsa.

Yau ƙaninta ya samu waya ya kira ni. Na ce masa ai shekaranjiya muna tare. Ya ce, "Ustaza, ran Lahadi muka binne ta."

Kun san baƙar lakar Gadarif da damina, ba ta barin ƙafar kowa. Tun ɗazu nake tunawa, takalminta fes yake.

Ban san abin da na gani ba, kuma ba zan yi jayayya da kowa ba. Allah ne masani.

Ya Allah, Ka ga abin da baiwarKa ta yi wa marasa gata, Kai ne mai sakayya. Ka ba mahaifiyarta haƙuri, Ka ba tsohuwar nan lafiya. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa su a addu'a. Ni ma ku sa ni, gobe ta wannan ƙofar zan shiga.