Yadda Tsanaki Ya Tayar da Motar Auta Daga Gadon Asibiti

Abokina ya rasu, Allah ya jiƙansa. Tun daga ranar nake son in rubuta wani abu a kansa, amma da na ɗauki biro sai idona ya cika. Yau dai na daure.

Tsanaki muke ce masa, don ba ya aiki da gaggawa. Mai gyaran wutar mota ne, ni kuwa mai faci, rumfata na jingine da tasa tun muna samari. Buta ɗaya muke amfani da ita, benci ɗaya muke zama. Shi yana ce mini Mai Sayar da Iska, ni ina ce masa hawainiya ta fi shi sauri. In an kawo masa mota, sai ya zaga ta, ya tsuguna, ya saurara, ya tambayi mai ita abin da ta yi jiya da shekaranjiya, kamar likita da mara lafiya. Masu gajen haƙuri kan tafi wani wurin, su dawo masa bayan an jagwalgwala musu wayoyi.

Da motoci marasa makulli suka fara shigowa, tsofaffin garejinmu da yawa suka ce wannan ba tasu ba ce. Shi kuwa, da furfurarsa, ya sayi gilashin karatu, ya dinga zuwa wajen wani matashin makanike yana zama yana kallo. Aka yi ta yi masa dariya, har da ni. Ya ce, "Mai Iska, wanda ya ƙi tambaya ai shi ya ɓata." Bai daɗe ba ya ƙware.

Da wannan sana'a ya tarbiyyantar da 'ya'yansa. Autarsa mace ce, kuma ita ce hasken idonsa. Ta yi karatu, ta sami aiki a wani gari mai nisa, ta sayi irin motar nan da ake danna maɓalli ta tashi. Ranar da ta fara kawo ta gida, sai da ya kira duk 'yan gareji su gani.

Sai ciwon zuciya ya kwantar da shi. Ya yi watanni yana jinya a gida, ya hana a gaya wa Auta tsananin abin, ita kuma aiki ya riƙe ta ba ta zo ba. Da aka kwantar da shi asibiti, likita ya ce za a yi masa aiki washegari da rana, kuma bai ɓoye mana ba cewa aikin yana da haɗari. A nan ne Tsanaki ya ce da maiɗakinsa, "Kira mini Auta. Ina son in gan ta kafin su shiga da ni."

Ta kamo hanya da sassafe. Ina zaune a gefen gadonsa, hantsi ya yi sosai, sai wayata ta yi ƙara. Ita ce, tana kuka.

"Baffa, na tsaya gidan mai na yi alwala, na dawo motar ta ƙi buɗuwa. Na danna rimot har yatsana ya yi zafi. Jakata da komai suna ciki. Babu makanike a nan, motocin haya ma ba sa tsayawa. Don Allah kada ka gaya wa Baba."

Ai kuwa ya riga ya ji. Ya miƙo hannunsa mai robar ƙarin ruwa. Sai na riƙe masa wayar kusa da baki, na buɗe murya.

"Auta, wa ya mutu?"

"Baba, ba kowa."

"To, share hawayen. Wane ne nake jin muryarsa a bayanki?"

"Wani bawan Allah ne, ya ce a fasa gilas."

"Ki ce masa Allah ya saka da alheri, ya ajiye dutsensa. In kin danna rimot, 'yar wutar nan ja tana kawowa?"

"Ba ta kawowa."

"Batir ne ya ƙare."

Sai ta ce, "Baba, dama rimot yana da batir?"

Tsanaki ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Maiɗakinsa ta ba shi ruwa, ta ce, "Ina za ta sani? Duk zuwan da za ta yi, tana shiga wanka kake ɗauke rimot ɗin ka canza masa batir ka mayar. Ka taɓa gaya mata?"

Ya ce, "To me zan gaya mata, ina raye?"

Nas ta leƙo ta ce a fara shiri, an kusa zuwa ɗaukarsa. Ya roƙe ta ta ɗan yi masa haƙuri, yana kan aiki.

Daga nan ya koma Tsanakin da na sani. Ya lumshe ido kamar motar na gabansa. Ya sa ta juya rimot ɗin, ta lalubo wani ɗan madanni a bayansa, ta tura, ta zaro siririn makullin ƙarfe da ke ɓoye a ciki. Ta ce ai ƙofar ba ta da ramin makulli.

"Tana da shi, rufe shi aka yi. Tsuguna ki leƙa ƙarƙashin mariƙin ƙofar direba. Kin ga 'yar ƙaramar kafa? Sa bakin makullin, ki ɗaga murfin a hankali. A hankali na ce, ba kwakwa kike fasawa ba."

Muka ji ƙas, sannan jiniyar motar ta ɓarke da ihu. Auta ta rikice.

"Ƙyale ta, ta ɗauka ɓarawo ne. Shiga ki zauna."

Ta shiga, ta danna maɓallin tayarwa. Shiru. Ta sake. Motar ta rubuta mata cewa ba ta ga makulli ba. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi, numfashinsa yana sama-sama, amma muryarsa ba ta canza ba.

"Taka birki sosai. Yanzu kada ki danna da yatsa. Ɗora kan rimot ɗin a jikin maɓallin, ki danna da shi."

Injin ya tashi, jiniya ta yi tsit. Mun ji mutanen gidan man suna tafi. Wani dattijo da ke gadon kusa da namu ma sai da ya ce, "Madalla!" Ni kuwa ji na yi ƙirjina ya cika, kamar ni na yi aikin.

"Kada ki kashe ta a hanya," in ji shi. "Kuma kada ki yi gudu. Ina nan."

Daga nan sai jira. Masu tura gado suka zo, ya ce yana son ya yi addu'a. Ya gama, ya ce a gyara masa matashi. Nas ta gane abin da yake yi, ta juya baya tana duba ƙarin ruwan da ba abin da ya same shi. Amma daga ƙarshe dole aka fita da shi.

Mun kai ƙofar ɗakin tiyata ke nan muka ji gudu a bayanmu. Auta ce, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ta faɗa kan gadon ta riƙe hannunsa. Ya daɗe yana kallon fuskarta.

"Kin rame," ya ce. "Ina motar?"

"Tana bakin ƙofa. Ka ce kada in kashe."

"A hanya na ce, 'yar nan! Mai Iska, karɓi rimot ka je ka kashe mata, mai na ƙonewa."

Na san wuri yake so in ba su. Na matse yatsun ƙafarsa ta saman bargo, na tafi. Na tarar da motar a karkace, ƙofa a buɗe, mai gadi yana faɗa. Na ba shi haƙuri, na gyara mata tsayuwa, na kashe.

Ko da na dawo, an shiga da shi. Bai farfaɗo daga aikin ba.

Auta ta ce mini sun yi magana sosai kafin a rufe ƙofa, kuma ya sa mata albarka. Ban tambaye ta me ya ce ba. Tsakaninsu ne.