Lasifikar 'Yan Rock da Kunnena na Hagu

Jama'a, wata biyu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa na yi aure a ɓoye ku kwantar da hankali, jinya na yi. Yau kuma murna ta hana ni zama wuri ɗaya.

Ga abin da na ɓoye. Wasu mawaƙan rock daga Turai, masu dogon gashi da jita mai tsawa, sun biyo ta Alƙahira, inda nake karatu, a rangadinsu. Tun ina sakandare a Kano nake mutuwar son kiɗan nan. Na je wasan, na kutsa har gaba, na manne da lasifikar da ta fi ni tsawo sau biyu. Wallahi na ji daɗi, ganga har cikin ƙirjina take duka.

A waƙar ƙarshe aka harba wasan wuta dab da ni. Na ji ɗas a kunnen hagu.

Washegari kunne ya toshe, sai kuka kamar na sauro. Malam Sani, abokin ɗakina a unguwar Hay el-Sabi', ya tambaya, na ce mura ce. Ɗalibin tajwidi da wane baki zai ce rock ya je? Bawan Allah ya ɗumama man habbatussauda, kwana uku yana ɗiga mini a kunnen.

Sai mugunya, sai zazzaɓi. Ko ruku'u na yi ɗakin juyawa yake.

Ga karatun ijaza, wato na neman shaidar ƙwarewa, gaban shehinmu ya matso, ni kuwa ko gunnata, sautin hancin nan na tajwidi, ba na ji daidai. Na tsorata ƙwarai. Shekara huɗu nake wannan karatu.

Likita a asibitin Ainu Shams ta leƙa da 'yar fitila ta ce, "Dodon kunnenka ya fashe, mai kuma ya ƙara ɓata shi. Ma'alish, ba komai, faɗa mini gaskiya."

Na faɗa. Malam Sani da ya raka ni ya dube ni ya ce, "Bashir, ashe murar taka mai jita ce."

Aka zuƙe mugunyar, aka ba ni magani. Aka sa mini na'ura a kunne, in danna maɓalli idan na ji ƙara. A kunnen dama na yi ta dannawa, hagu shiru. Kafin wanka sai na toshe da auduga da basilin. Ta ce in bai haɗe cikin mako shida ba, sai tiyata.

Jiya ta leƙa ta ce, "Khalas, ya haɗe."

Alhamdulillahi. Na gode wa likitar nan, na gode wa Malam Sani da bai tona ni ba, ya bar ni na tona kaina. Ku kuma, in za ku irin wurin nan ku toshe kunne, ku nisanci lasifika. Kada ku ɗiga komai a kunnen da likita bai gani ba, kuma kada kunya ta sa ku yi wa mai jinyarku ƙarya.

Yau da safe ina karatu, shehi yana zaune ta haguna, ya ce a hankali, "Ka gajarta maddin, ba ka ja shi sosai ba, maimaita."

Na ji shi sarai. Tunda nake ban taɓa murnar gyara irin ta yau ba.