Akwatin wayfai a zauren Alhaji Bello

Tun da aka halicci ɗan Adam yake neman hanyar da muryarsa za ta kai inda ƙafarsa ba ta kai ba, kuma mu masu hawa tsani muna ɗaura eriya mu ne magadan wannan gagarumin aiki. Ina faɗa muku haka ne, ku sababbin ɗauka, don kada ku raina ƙusa da guduma.

Akwai wata Laraba da ban manta da ita ba har yau. A lokacin shekarata uku da ajiye allin koyarwa, ina ƙaramin ma'aikacin kafa intanet a gidaje, ofishinmu yana unguwar Gesse. Oga ya kira ni ya ce, "Malam Sani, akwai wani Alhaji Bello a Argungu, ya bar kamfani biyu, yanzu mu yake so. Kada mu zama na uku."

Ƙa'idar aiki a bayyane take. Ka auna ƙarfin sabis, ka ɗaura eriya ta fuskanci turken sadarwa, ka ja waya zuwa akwatin wayfai, mai gida ya sa hannu. Ba ta ce ka tambayi wanda zai yi amfani da abin ba.

Na tarar da Alhaji a zaure, akwatunan kamfanonin biyu suna jibge a gefe.

"Samari, duk maha'inta ne," in ji shi. "In ni na kira, hoto tar. In Hajiya ta kira daga ɗaki, sai fuska ta sandare. Har waya na sake mata."

"Alhaji, ina suka kafa akwatin?"

"Nan mana. Mi za ya kai ƙato cikin gida?"

Na dubi katangar, ginin ƙasa ne na mutanen da, kaurinta ya kai kamu biyu. Tsakanin zaure da ɗakin Hajiya akwai irinta uku. Ba a yi wayfai ɗin da zai keta su ba tukuna. Ma'aikatan da suka riga ni ba su yi ha'inci ba, ladabi suka yi, suka tsaya inda baƙo yake tsayawa.

Na ce ko Hajiya za ta riƙa fitowa zaure. Alhaji ya dube ni kamar na kasa jarrabawar aji ɗaya. Ashe wadda ake kira ɗiyarsu ce ta fari, ma'aikaciyar jinya a Madina, shekara huɗu ba ta zo gida ba. Uwar da ko sunan 'yar fari ba ta faɗi, yaya za ta zauna tana kallonta a gaban mutane?

Muna cikin haka sai muryar Hajiya ta fito daga bayan ƙofa. "Alhaji, wanga ai ɗa ne. Bar shi ya shigo."

Aka yi mini iso. Na ja waya ta kan katanga, na kafa akwatin a saman ƙofar ɗakin Hajiya. Tana zaune a bakin gado ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ni ba wai na damu ba ne. An ce wance ta rame, shi ne nike son in gani."

Na danna mata kiran. Fuskar ta fito sarai, har da ɗan tabon da ke goshi. "Inna," in ji ɗiyar. Hajiya ta kawar da kai, ta tambayi lafiyar mijin ɗiyar da zafin garin, amma babban yatsanta yana shafa gilashin wayar a hankali. Na tattara kayana na fita. Na tsaya a tsakar gida ina tuna tawa innar, wadda ta rasu ina ta alkawarin zan leƙo in an yi hutu.

Abin da na koya shi ne, mai canza kamfani sau da yawa ba kamfani yake nema ba, akwai wanda yake son gani. Kafin ku buga ƙusa, ku tambayi wane ne mai kewar, kuma a wane ɗaki yake zama. Wannan shi ne ilimin aikinmu gaba ɗaya.

Kiran bai kai minti biyu ba aka ɗauke wuta.