Jar Kanwa a Safiyar Jarrabawa

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta safiyar da ɗiyata ta fari ta kasa zuwa jarrabawar gama sakandare ba.

A garinmu, nan kusa da Wurno, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta zauna hira da shi. Haka na taso na gani, haka na yi. Yarinyar a ɗakin kakarta, uwar mijina, ta girma. Gida ɗaya muke, amma sai dai in bi ta da ido. Tun da ta fara al'ada, duk wata nakan hango ta duƙe bayan rumbu, ta dafe mara, gumi na zuba. Kuma na san abin da ke kawo sauƙi. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta koya mana: a gasa mara da tsumma mai ɗumi, a sha shayin citta tun ciwon bai kankama ba, a ɗan taka a tsakar gida, in ya ƙi a tafi asibiti. 'Ya'yan maƙwabta na koya musu, bakina bai yi nauyi ba. Tawa ce kawai ta gagara.

Da na lura kwanakinta za su faɗo ranar da za su rubuta lissafi, sai na bi hanyar da aka saba, na aiki gwaggonta, ƙanwar mijina, ta faɗa mata abin da aka koya mana. Ita kuma ta kai saƙon wurin tsohuwa. Ina jiyo tsohuwar daga ɗakina tana dariya: "Citta? Miya za mu yi? Mu da kanwa munka girma!"

Ranar jarrabawar da safe tsohuwa ta jiƙa jar kanwa mai kauri, ta sa yarinyar ta shanye ba ta ci komai ba, wai a wanke dattin gaba ɗaya. Ban sani ba sai da na ji kakarin amai. Gudawa ta biyo baya. Ɗan kabu-kabun da zai kai ta makaranta bisa babur yana ƙofar gida yana jira, ta fito cikin farin hijabin makaranta, ta yi taku kaɗan, ta durƙushe gindin turmi.

Tun yaye ban taɓa rungumarta ba sai ranar. Na ɗora kanta a cinyata, na ce, "Mi ka yi miki ciwo?"

Ta ce, "Ko'ina. Don Allah ku ce mishi ya jira ni."

Tsohuwa ta ce, "Ɗiyar fari bisa cinya, gaban mutane?" Amma ita ce ma ta miƙo mini tsumma da ruwan ɗumi.

Ɗan kabu-kabun ya jira. Sai dai asibiti ya kai ta, aka yi mata ƙarin ruwa, abokanta suna can suna rubutu. Ba lissafi, ba makarantar koyon jinyar da take buri. Mahaifinta ya ce baɗi. Baɗi ta zo, ruwa ya cinye shinkafarmu ta fadama, ba kuɗin sake jarrabawa, maganar ta mutu. Yau ɗinkin hula take yi, kuma ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. Da ma ta tayar.

Abin da na koya shi ne, zancen lafiyar ɗiya ba a aikawa. Uwa ta faɗa da bakinta, ko da fuskarta na kallon bango.