Kakan da Bai Taɓa Ganin Teku Ba

Shekara tara na yi ina koyar da tarihi a firamare a Kano kafin neman abinci ya kawo ni tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali a ƙasar Larabawa, aikin sito da lodin kwantena. Don haka ranar da 'yata, 'yar aji biyu, ta kawo aikin gida na tarihi, sai na gyara zama, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Tambayar guda ce: wace sana'a kakanninmu suka yi? Har ta rubuta amsa: nutso a teku neman lu'ulu'u.

Na ce, "Kakan wa? Kakanki marini ne. Ko kududdufi bai yarda ya shiga ba. Da shuni a hannu ya koma ga Allah."

"Baba, littafi ne ya ce kakanninmu."

Na sa ta goge, ta rubuta rini. Washegari ta dawo da jan biro a takarda, ta ƙi cin abinci.

Da zafina na je makarantar. Malamar 'yar Indiya ce. Ta saurare ni tsaf, sannan ta buɗe manhajar ƙasa ta ɗora yatsa a kan layin. Ta ce nata kakan ma kwakwa ya noma, kuma duk ajin babu ɗan ƙasa ko ɗaya, amma abin da aka ba ta ta koyar ke nan.

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai ajina na Kano ya faɗo mini. Akwai wata yarinya 'yar kudu da na sa ta haddace Hausa Bakwai tana cewa kakanninmu. Na ba ta maki cikakke, har na sa aka tafa mata. Na fito ban san ko nasara na yi ko kunya na sha ba.

Ana gobe jarrabawa 'yata ta same ni da littafin.

"Baba, wanne zan rubuta? Ba na son jan biro kuma."

Na daɗe ina juya abin. Ni da na yi rantsuwar ba zan koya wa yaro ƙarya ba, na ji bakina yana cewa, "Rubuta na littafi, khalas, shi ke nan."

Ta gyaɗa kai, ta rufe littafin. Har ta kai ƙofa ta juyo.

"To shi namu kakan, a wace jarrabawa ake tambayar sa?"