Mama Talatu da Rawar da Ba a Sa Dunduniya

Juma'ar makon Kirsimeti ce, shekarar da na cika tara, can ƙarshen shekarun 1980. Muna tsaitsaye a falonmu da ke hawa na uku a unguwar Safa ta Jidda, kowa ƙafa ba takalmi, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Irin ƙwanƙwasawarmu ce, wadda ake fara karce katako da farce kafin a buga a hankali. Babu wanda bai san Mama Talatu ce ba, don ita ta ƙirƙiro alamar. Na zabura zan buɗe, tunda aikina ne, sai mahaifiyata ta damƙe wuyan rigata. Na dubi Baba. Ya ɗora yatsa a leɓe, ya girgiza kai.

Mu Kiristoci ne daga kudancin Kaduna. Baba gyaran injuna yake yi a wani kamfani, mahaifiyata kuma nas ce. A garin nan babu majami'a, babu kuma wanda ya isa ya gina, saboda haka falonmu ne majami'ar, Baba ne dattijonta. Sujadarmu ranar Juma'a take, daidai lokacin da maza suka tafi masallaci kuma lasifikoki suka cika unguwa da huɗuba. Tun da safe mu yara ba mu zama. Mu shimfiɗa barguna a kan kafet, mu cusa tsofaffin tawul a ƙarƙashin ƙofa, mu ja labule, mu ƙure na'urar sanyaya ɗaki don ƙuginta ya taimaka. Ni ce mai buhun takalma: duk wanda ya iso zai tuɓe ya miƙo mini, domin tarin takalma a bakin ƙofa ya isa ya tona mana asiri. Waƙa kuwa a maƙoshi ake yin ta, kamar masu gulma.

Mama Talatu ce ta ce wannan ba yabo ba ne, zaman makoki ne. Gwauruwa ce doguwa, mai tsagar fuska, tana zaune a wani ɗaki a unguwar Ammariyya cikin Hausawan Nijar, tana bin gidaje wanki da guga. Kafilinta, wanda ya tsaya mata a ƙasar, ya mutu, iƙamarta, takardar izinin zama, ta mutu tare da shi. Ta ce tunda an hana baki, ai ba a hana jiki ba. Dattawa suka yi ta tsaki, wai rawa a gaban Ubangiji aikin arna ne, amma ta nace har ta samu. Ta ɗauki rawar noma ta ƙauyensu ta zare mata duk abin da ke ƙara: babu tafi, babu guɗa, babu ganga. Kafaɗa ke yi, da ƙugu, da hannuwa sama, mutum yana kan yatsun ƙafa. Ranar da aka fara, na ga manyan mata suna rawa hawaye na zuba, ba ka jin komai sai numfashi.

Kada a ɗauka mace ce mai taushi. Mu yara mun ci baƙar wuya a hannunta. Takan ajiye kwanon ruwa a tsakiyar falo ta zuba masa ido, in ruwan ya motsa, to wani ya sauke dunduniya, kuma sai ta gano shi. Mintsininta a cinya take yi, ta murɗa, kuma ba ka da izinin kuka. "Dunduniya ba ta sujada a Jidda," in ji ta. In ka ɓata fuska ta ƙara da cewa, "Haɗiye shi, kukanka zai iya kai ubanka filin jirgi." Na tsane ta a lokacin, tsana sosai. Amma ko a saman bene, in muna 'yar gala-gala tsakanin igiyoyin shanya da tankunan ruwa, yaran maƙwabta dariya suke mana, wai muna tsalle kamar kyanwa.

Wanda ya jawo masifar baƙo ne, wani injiniya sabon zuwa daga gida, ƙato mai murya. Rawa ta ɗebe shi, ya manta inda yake, ya dinga dirka ƙafa, ya kuma kwarara "Halleluya!" bayan lasifikoki sun yi shiru. Washegari mai gadin benen ya tare Baba a matakala, ya ce mutanen hawan ƙasa sun yi ƙorafi, wai biki muke kowace Juma'a? Dattawa suka zauna a ɗakin Baba. Injiniyan yana da takardu, yana da mota, shi ke ɗauko rabin jama'a. Mama Talatu ba ta da komai sai rawarta. Na ji Baba yana cewa, "In aka shigo aka sami marar iƙama a cikinmu, shi ke nan, duk mun tafi." Suka yanke a daina buɗe mata. Babu wanda ya yarda ya je Ammariyya ya gaya mata, kowa ya ce kunya yake ji.

Shi ya sa muka tsaya a ranar nan muna jin ta. Ta sake karce ƙofar. Ta kira a hankali, "Ishaya, ni ce." Sunan Baba ke nan. Ta kira mahaifiyata. Daga ƙarshe ta kira ni, "Hannatu, zo ki karɓi takalmina." Kuka ya taso mini har wuya, na haɗiye shi tas, yadda ta koya mini. Yara goma sha a falon, ko tari babu wanda ya yi. Da a gwaji ne, da ta yaba mana. Da aka tashi aka buɗe ƙofa, sai ga kwanon cincin a ƙasa, an rufe da ƙyalle mai tsabta. Aka shigo da shi, aka zagaya da shi, injiniyan har da ƙari.

Bayan 'yan watanni aka kama ta a wani samame kusa da unguwar Balad. Labarin ya zo mana ta bakin maƙwabciyarta, Hajiya Zara, Musulma 'yar Damagaram, wadda ta hau benenmu da rana tsaka ta ƙi zama. Ta ce wa mahaifiyata, "Wallahi mu maƙwabtaka kawai ta haɗa mu, amma har tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, mun kai mata abinci kafin a sa ta jirgi. Ku 'yan'uwanta kuna ina? Haram alaikum." Ta ajiye ɗaurin zannuwan Mama Talatu ta juya. Ba mu taɓa aika su ba. Daga baya muka ji ta rasu a ƙauye, ba ta cika shekara biyu da komawa ba.

Rawar dai ba a daina ba, ko a falonmu. Waɗanda suka koma gida sun tafi da ita. Yanzu a majami'armu ta Kaduna zumuntar mata na yin ta da ganguna da lasifika, ana kiranta rawar Jidda, 'yan mata na tashi kan yatsun ƙafa ba tare da sanin dalili ba. A wani bikin godiya aka kira Baba gaba, aka yafa masa babbar riga a matsayin wanda ya kawo mana ita. Ya sunkuyar da kai ya karɓa. Ina zaune a layi na biyu, cinyata na yi mini zafi a daidai wurin da take murɗawa.

Yau ana ihu a sujada yadda aka ga dama, ƙofa a wangale, takalma a ƙafa, kuma ina murna da hakan. Duk da haka nakan yi kewar falon nan mai duhun labule, da doguwar matar da ke shawagi a cikinsa kwanon ruwa bai ko motsa ba. A cikin duk abin da ta koya mana shirun muka fi iyawa, kuma a kanta muka gwada shi.