Fuskar da ke Ƙarƙashin Farin Fenti

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a cibiyar raya al'adu, amma ba a taɓa buga sunansa a takardar taro ko sau ɗaya ba. Mai Ƙusa ake ce masa. Shi ke rataye zane-zane in za a yi nuni, shi ke sauke su in an watse. Sai ya cike ramukan ƙusa, ya goge da samfefa, takardar nan mai kaushi, ya mayar da bangon fari fat kamar ba a taɓa ɗora masa komai ba. Masu zane kan zo da gemunsu da 'yan jakunkunansu, su harɗe hannu suna ba da umarni: a ɗaga, a sauke, a ɗan matsa hagu. Shi kuwa yana kan tsani, ƙusa uku a bakinsa, ba halin amsawa. Shi ya sa ya ga sallamar darakta shida yana nan daram. Bakinsa kullum a cike yake, da me zai yi rigima?

Akwai abin da manyan wurin ba su sani ba. Tsakanin sauke nuni da shafa fenti akwai kwana biyu da ba mai leƙa zauren. A kwanakin nan Mai Ƙusa kan bi kwandon shara ya tsince kwalayen launin da masu zane suka yar, ya matse su da filaya har ya sami ɗan abin da ya rage. Sai ya tsaya gaban bangon ƙurya, wanda ke kallon ƙofa, ya yi zane. Kullum mutum ɗaya yake zanawa: matarsa, mai ɗinki, wadda ta rasu 'yarsu tana shekara uku. Hotonta ɗaya tak ne a duniya, shi ma ruwa ya cinye shi shekarar da rufin ɗakinsu ya yi yoyo. Rana ta uku sai ya goge da samfefa, ya ɗauki rolar fenti ya shafe ta. Shafi uku yake yi, don abin alfaharinsa ke nan: bangon da ya shafa ba ya nuna inuwa.

Mai Shara kaɗai ta sani. Mace ce mai baki, tare suka tsufa a wurin.

"Kai dai tsoho, ban taɓa ganin mai binne matarsa duk wata uku ba sai kai," in ji ta.

"Bangon hukuma ne."

"Matar fa? Ita ma ta hukuma ce? Ka sayi takarda mana ka yi a gida."

Ya gwada. Hannun da ya saba da bango bai san ƙanƙantar takarda ba, fuskar kan fito a takure kamar ta kwaɗo. A ɗakin hayarsa kuwa, mai gida ya hana ko ƙusa a buga, balle launi. Ga shi ko a bangon ma ba ta taɓa zuwa masa a cike ba. Yau hanci ya yi daidai baki ya ƙi, gobe baki ya zo goshi ya gudu. Shi ya sa bai taɓa kiran 'yarsa ta zo ta gani ba. Goggonta ce ta raine ta a wani gari, can ta yi aure, kuma tun tana ƙarama tambayarta ɗaya ce: "Baba, yaya kamanninta?" Shi kuwa ya rantse ba zai nuna mata wata mace ya ce uwarta ce ba.

Saura wata biyu ya ajiye aiki asirinsa ya tonu. Darakta ya manta lemarsa a zaure, ya dawo ɗauka, ya tarar da tsoho da buroshi a hannu.

"Baba, kai ka yi wannan?"

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Gobe zan shafe."

Darakta ya ja da baya, ya cire tabarau, ya mayar. Ya zuba Turanci mai tsawo wanda Mai Ƙusa bai tsinci komai a ciki ba. Daga ƙarshe ya ce babban nunin shekara zai faɗo a makon Mai Ƙusa na ƙarshe a aiki, don haka ya kawo ayyukansa duka a baje.

"Suna ina?"

Mai Ƙusa ya dafa bangon. "Suna ciki, ranka ya daɗe. Sun fi ɗari."

Darakta ya yi dariya har da hawaye, ya ce to, bangon ƙurya nasa ne, ya yi abin da yake so a kai, ba mai shafewa sai an rufe nuni. Ya dafa kafaɗarsa, ya ɗauki lemarsa, ya tafi. Bai rubuta ko'ina ba. A wannan gidan kuwa ko tsintsiya ba a bayarwa sai da takarda mai sa hannu biyu.

Kwana tara ya yi a gaban bangon. Ko don karo na farko ba sata yake yi ba ne, ko don ya san shi ne na ƙarshe, Allah masani, amma ta zo masa. Ta zo da ɗan tabon da ke kumatunta na hagu. Ta zo da zare a tsakanin haƙora, yadda takan gatsa shi ta tsinke in almakashi ya ɓuya. Ta zo da wuyan nan da take ɗan karkatarwa in tana jin surutunsa ba ta yarda ba. Rana ta shida ya sauko daga tsani, ya ciro 'yar wayarsa mai madannai ya kira 'yarsa.

"'Yar Baba, ki zo ranar buɗewa. Za ki ga uwarki."

Ta ce, "Baba, kada ka sa ni murnar banza."

"Na taɓa kiranki?"

Ta ce za ta biyo motar safe.

Idanu yake bari ƙarshe, haka tsarinsa yake tun fil azal. Kullum in zai tashi sai ya lulluɓe bangon da tsohon zanen gado. Mai Shara ta zo da wayar da jikarta ta ba ta, mai ɗaukar hoto.

"Yaye mu gani, in ɗauka."

"Ba idanu."

"Ni ina ruwana da idanu? In ɗauka dai a ajiye. Ka san mutanen gidan nan."

"Ba za a ɗauki matata tana makauniya ba. Kuma 'yarta ce za ta fara gani, ba waya ba."

"Taurin kai dai kamar ƙusar kankare," in ji ta, ta ja tsintsiyarta.

Ana gobe buɗewa, da hantsi, ya gama idanun. Ya daɗe tsaye, tana kallonsa yana kallonta. Ya mayar da zanen gado ya koma rataye ayyukan mutane.

Bayan azahar wata mota ta tsaya a ƙofa, aka shigo da zane goma sha ɗaya, duk na furanni, cikin firam masu ruwan zinariya. Na matar Ciyaman ne, wato shugaban kwamitin cibiyar. Bara ta fara koyon zane da ciwon gwiwa ya hana ta yawo. Furannin nata kuwa, in ba a gaya maka ba sai ka ɗauka kabeji ne aka taka. Ta zagaya zauren a hankali, tana ɗingishi cikin turare, ta tsaya a ƙurya.

"Nan nake so. Shi ke kallon ƙofa. Wannan shanyar ta wace ce?"

Ko gefen zanen gadon ba ta ɗaga ba.

Darakta bai sauko ba. An ce yana da baƙi. Mataimakinsa ya aiko, wani mai sulɓin kai da waya a manne a kunne.

"Baba, Darakta ya ce a yi haƙuri. Baɗi in Allah ya kai mu za a duba."

"Baɗi ba na nan, yallaɓai."

"To, ka dai ji. A shafe yanzu don ya bushe."

Mai Shara ba ta nan, an aike ta wani ginin cibiyar wanke kujeru, da wayarta a ƙugu. Mai Ƙusa ya yaye zanen gadon. Ya dubi wayar da ke kunnen mataimaki. Kalma huɗu ce kawai: yallaɓai, ɗaukar mini hoto. Amma mutumin yana magana, kuma shekara talatin da ɗaya Mai Ƙusa bai taɓa katse babba ba. Ya tsaya yana jiran ya gama. Mataimaki ya juya wa bangon baya yana ta faɗa a kan lemon baƙi, ya waigo, ya kaɗa masa hannu alamar maza-maza, ya fice yana magana.

Sai tsoho ya ɗauki rola.

Bayan shafin farko tana nan, kamar mace a bayan labule. Da wani ne da nan ya tsaya. Ba mai tsaye a kansa, firam za su rufe rabi, sauran kuwa wa zai lura? Ya ajiye rolar, ya zauna a kan bokiti. Ya kalli bangon, ya ga inuwa. Bango mai inuwa, a zaurensa, a nuninsa na ƙarshe, gobe manya su shigo su ce wa ya yi wannan aikin? Ba wanda ya tilasta shi. Da ƙafarsa ya tashi ya yi na biyu, ya yi na uku. Abu ɗaya ya ƙi yi: bai goge tudun launin ba, samfefar ta kwana a aljihunsa.

Da ya ja igiyar awo, layin ƙusa ya bi ta kan fuskarta, ƙusar tsakiya ta faɗa daidai idon dama. Ya matsar da ita yatsa biyu. Zanen da ya hau ƙusar shi ne na farko da ya taɓa ratayewa a karkace, kuma mai shi ta ce ya yi kyau ƙwarai.

Mai Shara ta dawo ta ga farin bango. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale.

Washegari 'yar ta iso da ƙurar hanya a mayafinta. Ba ta da katin gayyata, sai ta ƙofar baya Mai Shara ta shigo da ita, ta gaya mata komai a hanya. Darakta yana kan jawabi. Ya gode wa Ciyaman, ya gode wa matar Ciyaman sau uku, sannan ya kira "Babanmu, Baba, eh, Baba namu," ya miƙa masa agogon bango a kwali. Aka tafa. Agogon bango, ga mutumin da aka hana buga ƙusa a ɗakinsa.

Da jama'a suka koma kan lemo, ya kama hannun 'yarsa ya kai ta ƙurya. Tsakanin firam biyu akwai fili kamar faɗin tafi. Ya ɗora yatsunta a wurin.

"Bi a hankali. Kin ji ɗan tudu? Kumatunta ne. Ga tabon nan. Sauko ƙasa. Wannan siririn, zare ne."

Ta runtse ido. Yatsunta suka bi zaren har inda ya shige ƙarƙashin firam ɗin zinariya, suka tsaya.

"Bakin yana ciki?"

"Yana ciki."

"Baiwar Allah, ba a taɓa bango!" Mai gadi ne ya taho da sauri yana nuna wani allon gargaɗi. Mai Ƙusa ne ya buga allon da hannunsa shekara ashirin da suka wuce.

Ta janye hannu. Fentin bai gama bushewa ba, kan yatsunta huɗu sun yi fari. Ta daɗe tana kallonsu.

"Baba, ka sake yi mini."

Ya gyara riƙon kwalin agogon a hammatarsa.

"Ba ni da bango, 'yar Baba. Jibi zan mayar da makulli."